Yayyafin da Ya Cinye Mini Iri

Makon jiya da la'asar aka yi yayyafi a Old Maiduguri. Bai kai ya jiƙa zanin da na shanya ba, amma yaran layinmu suka fito suna tsalle, matan gidanmu suna ta yi wa juna barka da ruwa, wata har da guɗa. Ni ina zaune a bakin ƙofata da mafici a hannu, ban yi wa kowa barka ba. Maƙwabciyata ta ce, "Ya Falmata, ke ba kya murna ne? Rahama ce fa." Na ce mata rahama ce, Allah Ya ƙaro. In na faɗi abin da ke raina sai a ce tsohuwa ta fara saɓo. Na tsani yayyafin farkon damina. Na fi shekara arba'in ina tsanarsa, kuma ban ga ranar dainawa ba.

A shekarar da nake magana, maigidana ya rasu sanyi yana gab da fita, ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Ya bar mini 'ya ɗaya, Bintu, ko haƙoran yarinta ba ta fara zubarwa ba. Ya bar mini ɗaki a gidan haya, da gonar gero a bayan gari, da tukunyar iri. Irin nan shi da kansa ya zaɓe shi tun kaka, zangarniya mai kauri kawai yake warewa. Ni na sussuke, na gauraya da toka saboda ƙwari, na zuba a tukunyar ƙasa na liƙe bakinta da laka. Tana kusurwar ɗakina, bayan gado.

Yana da wa, Ya Modu, manomin shinkafa a Zabarmari. Rumbunsa ba ya rabuwa da abinci, amma matarsa ba ta taɓa haihuwa ba. Ranar da aka tashi daga zaman makoki ya tsaya a ƙofar ɗakina, ni ina ciki a bayan labule, ya ce, "Falmata, yarinyar nan jininmu ce. In gonar ubanta ta ciyar da ku bana, ki riƙe abarki. In ba ta ciyar ba, ba zan zuba ido yunwa ta kashe ta ba, za ta dawo wurina." Maza suka ce ya yi adalci. Iyayena sun daɗe da rasuwa, 'yan'uwana suna nesa, ba ni da mai tsaya mini. Na ce na ji. Tun daga ranar na san cewa zaman 'yata a ɗakina yana cikin tukunyar nan.

Sai na shiga takaba. Mai takaba ba ta zuwa kasuwa, balle gona. Duniyata ta koma tsakar gida da ɗan abin da katanga ta bar mini na sama. Bazarar shekarar kuwa muguwa ce. Kafin hantsi ƙasa ta fara ƙona tafin ƙafa, da azahar ko kaza ba ta yarda ta ratsa tsakar gida. Ruwan randa ya koma kamar an ɗora shi a wuta. Mukan jiƙa zani mu lulluɓa, kafin ka juya ya bushe. Azumi kuma a cikin zafin nan ya faɗo. Da la'asar harshe yakan manne a ganɗa, mutum ya kasa ko amsa sallama.

Ɗakin da ke kallon nawa na Malama Rifkatu ne, malamar firamare, Kirista daga kudancin Borno. In ta taso daga makaranta takan ɗauko tabarma ta zauna a bakin ƙofata, don ta san ba ni da wurin zuwa. Mace ce mai son bayani, ko ba ka tambaye ta ba sai ta yi. Wata rana guguwa ta shigo gidan, ta kwashe mana faifai da tsummokara ta yi sama da su. Na rungume Bintu ina a'uzu billahi. Malama tana dariya ta ce, "Falmata, ba aljani ba ne. Ƙasa ce ta yi zafi, iskar da ke kanta ta yi sauƙi ta tashi sama da gudu, ta gefe ta rugo ta cike gurbin, sai suka murɗe." Na ce, "Ke yi ta bayaninki, ni dai zan yi addu'ata."

Amma maganar ruwa na saurare ta da kunne biyu. Ta kai ni gaban tukunyar da ke tafasa a murhu, ta ɗaga murfin ta nuna mini ɗigon da ya taru a cikinsa. Ta ce haka sama take yi. Rana tana ɗaga tururi, in ya hau can inda ake sanyi sai ya dunƙule ya zama gajimare, in ya yi nauyi ya zubo. Na ce to ai ga rana nan har ta yi yawa, ina ruwan? Ta ce rana ba ta da abin ɗagawa a busasshiyar ƙasa. Iska biyu ne suke kokawa a kanmu. Ɗaya busasshiya ce daga hamada, ɗaya kuma mai danshi ce daga teku, can kudu maso yamma. Sai ta tekun ta ture ta hamadar, ta wuce mu, ta yi kauri a kanmu, sannan zafi ya sami abin da zai ɗaga. In ba ta yi kauri ba, hadari zai haɗu, ya yi ruri, ya watse a banza.

"Yaya zan san ta iso?" na tambaye ta.

"Jikinki zai gaya miki. Gumi zai daina bushewa. Ki riƙa duba gishirinki kuma, in ya fara dunƙulewa, ta zo."

Daga ranar kullum da safe sai na sa yatsa a kwanon gishiri. Kullum warwas yake, kamar rairayi.

Ana cikin haka sai ga Ya Modu a kan kekensa, da buhu a ɗaure a baya. Ya yi mini sannu da Barbarci, ya ce, "Wushe, Falmata. Ya haƙuri?" Na ce da godiya. Bai ko zauna ba ya ce iri ya zo ɗauka, binne zai yi mana a gonar ɗan'uwansa.

Ga wanda bai san binne ba, shuka ce a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. A sare rami, a jefa iri, a rufe, a bar wa Allah. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, mai binne ya riga kowa, geronsa ya tashi kafin ciyawa. In ruwa bai zo ba sam, iri yana nan kwance lafiya, yana jira. Abin tsoro shi ne ɗan ruwa. Ya jiƙa iri har ya farka ya tsiro, amma bai ratsa ƙasa ba, saiwa ta miƙa ta tarar da busasshen wuri. Shi ya sa mai hankali ba ya binne irinsa duka, yakan bar na sake shuka. Maigidana bai taɓa binne fiye da rabi ba.

Na ce, "Ya Modu, iska ba ta juyo ba tukuna. A ɗan dakata."

Ya ce, "Wa ya gaya miki? Ke da ko ƙofar gida ba kya leƙawa."

"To a ɗebi rabi, a bar mini rabi."

"Ni ba zan yi ta sintiri tsakanin Zabarmari da nan ba. Ina da nawa aikin. Yau na samo masu taya ni, yau za a gama."

"Ɗan'uwanka rabi yake binnewa."

"Ɗan'uwana yana kabari. Mai takaba kuma ba ta da magana a kan gona."

Ya sa ƙafa ya shiga ɗakina, abin da bai taɓa yi ba ko mai ɗakin yana da rai. Ya jawo tukunyar, ya fasa lakar da ƙotar wuƙa, ya juye ta a buhu har yana bubbuga gindinta. Toka ta tashi ta cika ɗakin, Bintu tana tari. Da zan iya fita, da na bi shi har gonar na kwanta a kan buhun. Iyakata bakin zaure. Ina tsaye a nan ina jin ƙarar sarƙar kekensa har ta ɓace.

Ba a yi mako ba hadari ya haɗu. Tun azahar gajimare yake hawa kan juna a gabas, fari sol daga sama, gindinsa baƙi. Iska ta ɗauke ɗif, ko ganyen darbejiya ba ya motsi. Can sai gabas ta yi ja. Mu 'yan Maiduguri mun san wannan jan, iskar da ke tsere a gaban hadari ce take kwaso ƙasar daji ta taho da ita. Kafin a kwashe shanya gari ya yi duhu, kwanon rufin maƙwabta ya ɓalle yana ƙara, yashi ya cika mana ido da baki. Aka yi tsawa har cikin ƙirji. Matan gida suka jera bokitai da bahuna a ƙarƙashin indararo.

Da jan ya wuce na ɗaga kai. Da idona na ga ruwan yana saukowa daga gindin hadarin, zare-zare, amma bai iso ƙasa ba, a tsakiyar sama yake ɓacewa. Malama tana gefena, muryarta ƙasa-ƙasa ta ce busasshiyar iskar da ke ƙasa ce take shanye shi a hanya. Sai ɗigo ya fara faɗowa ɗaya-ɗaya, manya, masu ɗumi. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Na ɗaga hannu na ce, ya Allah, ko Ka zubo shi da yawa, ko Ka riƙe shi duka. Aka yi yayyafi na ɗan lokaci, bai ko rufe gindin bokiti ba, ya ɗauke. Hadarin ya yi yamma da sauran abin da ke cikinsa.

Na durƙusa a tsakar gida na tona ƙasa da yatsa. Danshin bai wuce gaɓar yatsa ba, daidai inda iri yake kwanciya. Ƙarƙashinsa ƙura ce. Mata suna ta barka da ruwa, ni na koma ɗaki na zauna kusa da tukunyar da ba komai a cikinta.

Ran Asabar Malama ta tafi gonar a madadina. Ta dawo ta ce ya tsiro, layi-layi, kore shar. Ba ta yi murmushi ba, ni ma ban yi ba. Daga nan sama ta washe. Kullum rana ta fito ba ko ɗigon gajimare, ta faɗi haka. Maza suka fita roƙon ruwa a bayan gari, suka dawo da ƙura a goshi. Gishirina yana nan warwas. Da Malama ta sake zuwa, a bakin zaninta ta ƙullo mini abin da ta tarar. Ta kwance a gabana, wasu 'yan siraran abubuwa ne kamar zaren da wuta ta lasa. Na murza ɗaya a tafin hannu ya zama gari.

Na aika wa Ya Modu cewa binne ya ƙone, a taimaka mini da iri. Amsar da ta dawo ita ce shi shinkafa yake nomawa, ba gero ba.

Ruwan kirki bai sauka ba sai bayan na fita takaba, damina ta riga ta yi nisa. Ranar na tashi gumi yana bin bayana, na sa yatsa a gishiri na ji ya dunƙule. Da yamma aka kece da ruwa har da ƙanƙara, yara suna tsinta suna tsotsa. Malama ta ce iska ce take cilla ɗigon ruwa can ƙololuwar hadari inda ya daskare. Ban ko dube ta ba. Waɗanda suka bar rabin irinsu suka fita da sassafe suka shuka, sun kuma sami ɗan abin da suka samu. Ni ba ni da ko tafi ɗaya. Malama, Allah Ya saka mata, ta aika garinsu aka kawo mata 'yar dawa. Mu biyu muka shuka ta, ita da sungumi, ni ina bi ina jefawa. Amma dawar kudu ce, ta saba da doguwar damina. Ta yi tsawo, ta yi ganye, tana shirin fitar da kai ruwa ya ɗauke. Wata safiya na fito na ga raɓa a kan murfin randa. Malama ta buɗe baki za ta gaya mini yadda sanyin asuba yake sauke danshi, na ce, "Malama, ya isa. Na san abin da take nufi." Raɓa in ta fara sauka haka, damina ta yi sallama. Kara kawai muka yanko.

Yunwa ba rana ɗaya take shigowa ba. Da farko muka daina abincin rana. Sai tuwo ya koma kunu, kunun ma ya koma ruwa-ruwa. Na sayar da kwanukan jerena ɗaya bayan ɗaya, sannan gadon. Da asuba nakan goya Bintu, duk da ta wuce goyo, in bi gidajen masu hali a unguwar Shehuri ina yi musu surfe, a biya ni da dusa da ɗan tsaki. In na dawo in tankaɗe dusar, in dama, in yanka ganyen tafasa a ciki in an samu. Tafasar ma sai an yi nisa, don duk matan gari ita suke nema. Malama takan ce ta dafa ya yi mata yawa, alhali ina ganin tukunyarta, na san ƙarya take yi. Ita ma ƙannenta take ciyarwa a gida.

Gashin Bintu ya fara yin ja yana karyewa. Ƙafafunta suka sirance, cikinta ya fito. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ranar da ta daina kukan yunwa. Sai ta zauna a jikin bango tana kallon ƙudaje, in na kira ta ta ɗago a hankali.

A lokacin Ya Modu ya dawo. Ya dubi yarinyar, ya dube ni, ya ce, "Kin ga abin da nake gudu."

Na durƙusa masa, abin da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na ce, "Ya Modu, ka ba mu ko rabin buhu ne. In Allah Ya kai mu baɗi zan noma in mayar maka."

Ya ce, "Abincin gidana a gidana ake cinsa. Mun yi magana a gaban mutane, ko ba mu yi ba?"

Mun yi. Da hannuna na yi mata wanka, na sa mata rigarta ta Salla, na ɗora ta a bayan keken na ɗaure ta da gyalena don kada ta faɗi. Ya ciro ƙosai a takarda ya miƙa mata. Ta sa hannu biyu ta riƙe, tana ci. Ba ta waiwayo ba, kuma ban ga laifinta ba.

Shekarar da ta biyo baya aka yi damina mai albarka. Na ari iri, na noma gonar da kaina, na sami abin da zai kai mu wata kakar. Na ɗauki ƙafa har Zabarmari. Na tarar da ita ta yi ɓulɓul, gashi ya dawo baƙi, an yi mata kitso. Da ta gan ni sai ta ɓuya a bayan matar Ya Modu tana cewa Mama. Shi kuma ya ce yarinya ta saba, ta fara karatu, kada a raba mata hankali. Na je, na sake zuwa, na kai ƙara wurin manya, kowa ya ce in yi haƙuri, ai ba bare ne ya riƙe ta ba. A gidansa ta girma, shi ya aurar da ita. Ni na sake aure daga baya, Allah bai ƙara ba ni haihuwa ba.

Yanzu an ce waya tana faɗin ranar da za a yi ruwa. Gonar ma babu ita, gidaje sun cinye wurin. Malama ta koma garinsu ta rasu a can. Ni dai har yau da safe sai na sa yatsa a gishiri, ko da ba ni da abin shukawa. Jiya na ji ya dunƙule.

A jiyan da azahar sai ga keke napep a ƙofar gida, Bintu ta sauko. Ita ma yanzu ta yi jikoki. Ta yi sallama, ta zauna a gefen tabarma ba ta cire mayafi ba.

"Ya Falmata, mun same ku lafiya?" Haka take kirana, yadda yaran layi suke kirana.

"Lafiya lau. Ya yaran?"

"Suna gaishe ki. Baba ne ba lafiya, jikin ya yi tsanani. Ya ce in zo in tafi da ke, yana son ku yafi juna."

"Ni me na yi masa da zai yafe mini?"

Ta sunkuyar da kai tana juya wayarta. "Ya ba ni labarin shekarar nan. Ya ce fari ne, kowa ya shafa. Ya ce ba shi ya hana ruwa ba."

"Ba shi ya hana ruwa ba," na ce. "Rabi na roƙe shi. Ya gaya miki wannan?"

Ta ci gaba da juya wayar. Ina jin bai gaya mata ba, ina kuma jin ko ya gaya mata ba abin da zai sauya. Mutumin da ya ciyar da ita ne.

Muna zaune gabas ta yi baƙi, baƙi na gaske, ba ja ba. Iska mai sanyi ta buso labule. Ta miƙe ta ce bari ta yi sauri, amma kafin ta kai zaure sama ta ɓalle. Ruwa ne irin wanda ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar kwano. Nan da nan layinmu ya zama kogi, mai keken ma ya gudu. Ta dawo ɗaki a jiƙe. Na ba ta zanina ta ɗaura. Ta tsaya tana waige-waige, ba ta san inda zan ce ta rataye mayafinta ba, don ba ta taɓa daɗewa a ɗakina har ta cire shi ba.

Na hura gawayi na dama mata kunun gero da tsamiya. Ta karɓa da hannu biyu, ta sha har ta kusa shanyewa. Ina kallonta. Bini-bini sai ta leƙa ƙofa ta ce, "Lokacin maganin Baba ya kusa." Ta sake tambayata ko zan je. Na ce a bari ruwa ya ɗauke tukuna. A zuciyata kuwa roƙo nake yi, ya Allah kada Ka ɗauke shi, Ka bar shi ya kwana, ya wuni, ya sake kwana.

Gab da magariba ya tsagaita. Ta cire zanina ta ninke shi da kyau ta ajiye a kan gado, ta ce ta gode. Ta yafa mayafinta da bai gama bushewa ba, ta ɗauki takalmanta a hannu saboda taɓo. Na raka ta bakin zaure, iyakata ke nan, ban bi ta ba. Wannan karon ta waiwayo, ta ce, "To me zan ce wa Baba?"

Na ce, "Ki ce masa an yi ruwa."